Rajistar Itatuwa

Shekarar da fam ya fita naira ta shigo aka ɗauke ni.
Mati Gwammaja, helumanmu, ya miƙo mini garwa biyu
da lauje, da littafi mai baƙin bango.
Ya ce, "Sallau, ban ruwa safe da la'asar,
ƙirga kuwa ranar Asabar."

Sai na ƙirga.
Maɗaci arba'in da ɗaya, a jere kamar sahun Idi,
darbejiya ɗari ba uku,
tsamiya shida da suka girmi shingen,
suka girmi titin, suka girmi wanda ya zana titin.
Sai kuka guda a kusurwar gabas
da Mati ya hana a rubuta,
ya ce ba a yi wa kaka lamba.

A lokacin ƙofar ba ta san tikiti ba.
'Yan makaranta na haddar darasi a gindin tsamiya,
lebura daga Kwari ya yi matashi da takalminsa,
Ilu mai hoto na cewa amarya, "Ɗan karkata, dafa furen."
Lilo na kuka ƙiii har magariba,
jemagu su tashi, mu kulle, mu tafi.

Sau biyar aka sauya allon ƙofa a gabana.
Yau muna ƙarƙashin Gandun Daji, gobe Ayyuka,
jibi Muhalli, gata masu tsara birni.
Kowane allo da sabon fentinsa,
famfonmu dai bai taɓa jin labari ba.
A takarda, an ce, sau uku aka saya mana injin yankan ciyawa.
Ni dai awakin Hajiya Talatuwa na sani,
su ne ba su taɓa fashin aiki ba.

Sannan masu igiyar awo suka zo
da jan fenti a gwangwanin madara.
Suka ce gefe kawai, ta bakin titi.
Ɓarnar gara ba ta da ƙara:
bana gefe, baɗi gefen gefe,
har lilo ya wayi gari a bayan shagon tayil.
Inda maɗaci na goma sha bakwai ya tsaya,
fanka ake sayarwa yanzu,
mai shagon na fifita da kwali in an ɗauke wuta.

Ba na wanke kaina.
Ranar da zarto ya ci na ashirin, an ba ni rassa,
na ɗora a kura na kai gida Gyaɗi-Gyaɗi.
Wata biyu Kyauta na tuƙa tuwo da su.
Na ci. Ya yi ɗaci, amma na ci.

Da na ajiye aiki babu wanda ya tambayi littafin,
sai na sa shi ƙarƙashin katifa tare da takardar fansho,
su biyun suna jira.

Shekaranjiya wata yarinya ta yi sallama,
Rakiya, 'yar Yakasai, sabuwar ma'aikaciya,
takalminta duk jar ƙasa.
Ta ce ta duba ofis kaf, fayil ya ce fili ne kawai,
amma wani mai shayi ya ce a nemi Sallau.

Muka je a adaidaita, na riƙe sanda, ta riƙe littafin.
Ina kira tana dubawa, kamar kiran suna a aji.
Ashirin da uku suka amsa.
Kuka tana nan, an ɗaure mata janareta a ƙugu.

Ta sauke dashe goma cikin baƙar leda,
ko gwiwata ba su kai ba.
Ta buɗe sabon shafi, ta ce, "Baba, in sa ɗaya?"
Na ce a'a, 'yata,
waɗanda suka tafi ba su bar lambarsu gado ba.
Rubuta ɗari da arba'in da biyar,
ki ba ni garwar, rana na yi.